A ɗaure mai yaɗa sakamakon zaɓe kafin INEC ta sanar?

Alhaji: Ni ra'ayina ɗaya ne. Duk wanda ya watsa sakamako a WhatsApp ko Facebook kafin INEC ta buɗe baki, a kama shi. A 2023 an jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, ba a sanar ba sai 1 ga Maris da asuba. Kafin nan kowace jam'iyya ta riga ta ci zaɓe a waya. Wanda ya kwana da murnar gwaninsa ya lashe, gobe aka ce ya sha ƙaye, wa zai hana shi cewa murɗiya aka yi?

Barista: Ranka ya daɗe, abu biyu ka haɗa. Sakamakon rumfa ba sirri ba ne. Sashe na 60 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen da ita, ya ce a ƙirga a rumfa, a rubuta a fom, jami'i ya sa hannu ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su ma su sa hannu, a ba su kofi, a ba ɗan sanda, a faɗa a bainar jama'a. Wanda ya ɗauki hoton EC8A, wato fom ɗin sakamakon rumfa, na rumfarsa bai yi laifi ba. Ayyana wanda ya ci shi ne aikin baturen zaɓe kaɗai. Ka tuna Adamawa a Afrilun 2023: kwamishinan zaɓe na jihar ne da kansa ya ayyana Binani a matsayin wadda ta lashe zaɓen gwamna ana tsakiyar tattara sakamako, INEC ta soke, daga baya aka ayyana Fintiri. Wannan ruɗanin ba daga wayar talaka ya fito ba.

Injiniya: Kuma fom ɗin bogi yana tona kansa, in mutum ya san inda zai duba. Fara da lambar rumfa, kashi huɗu ce: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Kano 19 ce, Kaduna 18. Fom ya ce Kano amma ya fara da wata lamba, magana ta ƙare. Sai lissafi: ƙuri'u masu kyau da waɗanda aka ƙi, in an haɗa, kada su wuce yawan mutanen da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta tantance. In sun wuce, aringizo ke nan, sashe na 51 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce a soke rumfar. Sannan kowace jam'iyya ana rubuta ƙuri'unta da lamba da kuma kalmomi. Mai gaggawa yakan ƙara 1 a gaban 42 ta zama 142, ya manta gefen kalmomin. Mafi yawa ma ba sa wahalar da kansu, tsohon fom na wani zaɓen suke turowa an yanke saman hoton.

Alhaji: Injiniya, rumfuna fiye da 176,000 ne fa. Wa zai zauna yana wannan lissafin?

Injiniya: Ba a ce ka duba duka ba, taka kaɗai. Don haka aka yi IReV, shafin INEC da ake ɗora hoton sakamakon rumfuna, ka gwada hoton da ke hannunka da wanda aka ɗora. Matsalar ita ce sakamakon shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa a daren, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Wannan giɓin ne masu ƙarya suka cike. Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗorawa ba ya soke zaɓe. A shari'a an gama, amma yardar mutane ba ta dawo da hukunci ba.

Malama: Ku duka fom kuke kallo. Ƙaryar da ta fi shiga gidaje ba ta zuwa a takarda, saƙon murya ne da Hausa, ba suna, ba rana, "wani ɗan'uwanmu da ke ciki ne ya faɗa". Ita babu lambar da za a duba. Zancen Jubril na Sudan, wai Buhari ya mutu an maye gurbinsa da mai kama da shi, haka ya yi ta yawo har Buhari ya fito a Poland a Disambar 2018 yana cewa shi ne da kansa. A aji kuwa darasin zama ɗan ƙasa hadda ce: rassan gwamnati uku, a rubuta a jarrabawa, a manta. Ɗalibin da zai yi zaɓe nan gaba bai taɓa riƙe EC8A ba. A buga kofin fom, a ba kowane rukuni ɗaya mai kuskure, su nemo shi. Minti 40 sun isa.

Ɗan jarida: Alhaji, tambayar ita ce wa zai riƙe sandar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da shi aka riƙa kama 'yan jarida, har aka yi masa gyara a 2024. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane suka bi ta VPN. In aka haramta yaɗa hoton fom, wakilin jam'iyyar adawa ne zai fara kwana a caji ofis, shi da ke riƙe da hujjar rumfarsa.

Alhaji: To na bar mai hoton gaskiya. Amma wanda ya ƙirƙira fa?

Barista: Shi dokarsa tana nan tuntuni. Sashe na 120 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi ɗaurin wata 36 ga wanda ya sanar ko ya wallafa sakamako alhali ya san ƙarya ne. Wahalar tana wurin tabbatar da "ya san". Kowa zai ce turo masa aka yi, kuma WhatsApp yana nuna an tura saƙo sau da yawa ne kawai, ba ya nuna wanda ya fara.

Malama: Barista, saƙon murya fa, shi ma wallafawa ne a wurin kotu?