Neman kalma: wane suna za mu sa wa "pyramide de méditation"?

Ƴan uwa masu kishin Hausa, ga aiki ya taso. Akwai wani kaya da ake talla a intanet da sunan Faransanci, pyramide de méditation en cuivre. Ina so mu sama masa suna tun bakin kasuwa bai riga mu ba, kuma wasunku sun riga sun kawo shawarwari. Tunda a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, irin wannan aiki ya hau kanmu.

Ga siffarsa ga wanda bai gani ba. Bututun jan ƙarfe ne guda takwas da mahaɗi biyar. Huɗu na kwance a ƙasa sun yi kusurwa huɗu, sauran huɗun kuma su tashi daga kusurwoyin su haɗa kai a sama. Ba bango, ba rufi. Mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakiya ya zauna, ya rufe ido, ya bi numfashinsa. In ya gama sai ya zare bututun, ya ɗaure su wuri guda ya tura ƙarƙashin gado. Masu ƙera shi suna kwaikwayon babban ginin Giza na Masar, har gangarensa na kusan digiri 52.

Da yawa kun ce "dala", kuma kuna da hujja. Kanawa sun daɗe da kiran tulin buhunan gyaɗarsu dalar gyaɗa, ana kuma cewa dalar Masar. To amma ku shiga kasuwar Katako a nan Yamai ku ce kuna neman dalar jan ƙarfe. Tsabar kuɗi za a miƙo muku. A wurinmu dala sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, dala ɗari biyu jaka guda. Ga dalar Amurka kuma tana jiran nata rabon. Kalmar ta riga ta yi kaya. Bayan haka, dala abu ne cunkus, tulin dutse ko na buhu, wannan kuwa iska ke ratsa shi ta ko'ina. A bar wa Masar da Kano dalarsu.

Wani malami a cikinku ya ba da shawarar mu ɗauko daga Larabci. Larabawa na cewa haram, jam'insa ahram, shi ne ma sunan jaridar nan ta Alƙahira. A Larabci harafin farkonsa dabam yake da na haramun, amma a bakin Bahaushe ɗaya suke fita. Ba za ta yiwu ba.

Ɓangaren méditation, wato zaman rufe ido da bin numfashin nan, ya fi ba ni tunani. Wani yayana ya kawo "halwa", ni kam ban yarda ba, kuma a nan zan dage. Halwa ibada ce, tana da malami, tana da sharuɗɗa, tana da zikirin da ake ja a cikinta. Ranar da muka sa wa bututun kanti sunan halwa, mun ɗinka masa rigar addinin da ba tasa ba, kuma wata tsohuwa za ta saya tana zaton lada take nema. Tafakkuri ma bai zauna ba, don shi zurfafa tunani ne a kan halitta, wannan zaman kuwa so ake tunanin ya lafa. Abin da ya dace shi ne "zaman natsuwa".

Haka nan kada mu saka "mai warkarwa" ko "mai ƙarfi" cikin sunan. Maganar cewa siffar tana tara wani ɓoyayyen ƙarfi ta samo asali ne daga wani Bafaranshe, Antoine Bovis, a shekarun 1930. A 1959 Karel Drbal na Cekoslobakiya ya yi rajistar wata ƴar ƙarama da ya ce tana mayar wa reza kaifinta, sannan zancen ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1970. Har yau ba wani binciken kimiyya da ya tabbatar da shi. Amfanin da nake gani a fili yake. Mai ɗaki ɗaya na haya, ga mata ga yara, ba shi da inda zai keɓe. Wannan abu yana shata masa wuri na ɗan lokaci, yara su gane Baba na zaune, a rage hayaniya, in an gama a naɗe, ɗaki ya koma yadda yake. Sai dai kada a bar shi a rana cikin watan Afrilu, jan ƙarfe na saurin ɗaukar zafi.

Cuivre kuwa ba sai mun wahala ba: jan ƙarfe. Tagulla ta tafi wurin lambar da ake ba na uku a gasa. Kuma ƙarfen ba baƙonmu ba ne. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takedda, a yankin Agadas, ya tarar ana narka shi ana yin ƴan sanduna da ake ciniki da su.

Tawa shawarar ita ce tsaiko. Wanda ya taso a ƙauye ya san shi: sandunan da ake haɗa kawunansu a sama, a ɗaure a ƙasa, kafin a ɗaga a aza bisa ɗaki a yi jinka. Ƙashin rufi ne tun bai sa ciyawa ba, ana ɗaukarsa daga nan zuwa can. Wannan kaya ke nan, illa dai tsaiko zagaye yake, shi kuwa kusurwa huɗu.

Wata Hajiya a cikinku ta yi mini gyara, kuma ya yi daidai. In muka ce "tsaikon natsuwa", mai sauraren rediyo zai ji kamar natsuwar ce ta samu tsaiko, irin yadda ake cewa an samu tsaiko wajen biyan albashi. Don haka sunan ya zama tsaikon jan ƙarfe, in ana son bayani a ƙara "na zaman natsuwa".

Saura mutanen Tawa da Dogondutsi. In a Adar ko Arewa akwai wani sunan da kuke kiran wannan ƙashin rufi da shi, ku kawo mu auna shi da tsaiko kafin mu tsayar.