Mai kyamara a bakin shingen filin jirgi: a kore shi ko a ba shi wuri?

Malam Bashir: Salamu alaikum jama'a. Na ga hoton da Nura ya saka jiya, na babban jirgin A380 ɗin nan da ya sauke tayoyinsa dab da rufin gidaje. Hoto ya yi kyau, ba na musu. Amma ga ra'ayina, ko da wasu za su ji haushi: bai kamata a bar kowa ya tsaya kusa da shingen filin jirgin fasinja da kyamara mai dogon baki ba. Mutum ya wuni yana rubuta lambar kowane jirgi, da lokacin saukarsa, da titin da ya bi. In wannan ba leƙen asiri ba ne, to ƙaninsa ne. Mai son hoton jirgi ya yanki tikiti ya ɗauka ta tagar ɗakin jira.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Ta taga fa ka ce? Gilashi mai kauri, fitilun ɗaki suna dawowa cikin hoton, jirgin kuma yana tsaye motocin kaya sun kewaye shi. Wannan ai shaidar tafiya ce kawai. Nawa a Myrtle Avenue na ɗauke shi, wani ɗan fili mai ciyawa a ƙarshen layin gidaje, kusa da bakin titin jirgi na kudu a filin jirgin Heathrow na Landan. Wuri ne na jama'a. Iyaye na zuwa da yara, tsofaffi na zuwa da kujerunsu, 'yan sanda kuma sun san da wurin sarai.

Injiniya Sa'adatu: Malam Bashir, wane sirri ne mai littafi da biro yake kwasa? Lambar rajistar jirgi doka ce ta sa a rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikinsa: G na Ingila, N na Amurka, D na Jamus, A6 na Daular Larabawa. Lokacin tashi da sauka kamfanin da kansa yake tallata shi. Sauran kuma jirgin ne yake faɗa da bakinsa. Kusan kowane jirgin fasinja yanzu yana watsa inda yake da tsayinsa da gudunsa ta tsarin ADS-B, a kan mita 1090 megahaz, ba tare da an kulle saƙon ba. Shi shafin bibiyar jirage na Flightradar24 ke tattarawa daga dubban ƙananan na'urori da mutane suka kafa a gidajensu. Mai mugun nufi yana kwance a ɗakinsa zai ga abin da ya ninka na mai wuni a rana.

Malam Bashir: Injiniya, waya ba ta harbo jirgi. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin hanyar sauka shi ke iyawa. A Nuwamban 2002 a Mombasa, daga wajen fili aka harba makamai masu linzami biyu kan Boeing 757 na kamfanin Arkia yana tashi, Allah ya sa suka kuskure. A Maris ɗin 1994 'yan tawayen IRA na Ireland daga wajen shinge suka cilla rokoki cikin Heathrow har sau uku. Kuma kafin a kai hari sai an je an duba wuri. Mai dubawar da me zai yi kama? Da Nura.

Nura: Haba Malam, ni kuma? 😂

Baba Ɗanjuma: Bashir, bari in sa baki, don na yi aiki a cikin shingen, ba a wajensa ba. Misalan da ka kawo gaskiya ne, sai dai ni a wurina hujja ce a kanka. Shingen babban fili kilomitoci ne masu yawa, ya ratsa gonaki da unguwanni da bayan rumbunan kaya. Motar sintiri in ta wuce wuri, sai an jima kafin ta dawo. A tsakanin nan wa ke kallo? Mutumin nan da yake zuwa duk ƙarshen mako, ya san motar wane ce ta saba tsayawa, ya san ramin da ba ya nan makon jiya. Baƙon fuska ba ya ɓoye masa, musamman wanda ya zo da kyamara amma bai iya bambance Boeing da Airbus ba. In ka kori waɗannan, ba ka kori mugu ba, ka share masa fili ne ya zauna shi kaɗai.

Ba tunanina ba ne ni kaɗai. A Ottawa ta Kanada tun 1999 aka kafa shirin Airport Watch: a tantance masu kallon jirage, a ba su shaida, su riƙa sanar da 'yan sanda abin da suka gani. Wasu filayen a Kanada da Amurka sun kwaikwaya. Ko asalin sha'awar ma tana da alaƙa da tsaro, don a Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta dogara da 'yan sa-kai masu gane jirgi daga siffarsa da ƙararsa.

Kabiru: Baba ya yi magana, amma kada yara su karanta wannan su ɗauka ko'ina haka ne. Abin da ya halatta a Landan zai iya kai mutum kurkuku a wata ƙasa. A Nuwamban 2001 an kama 'yan Ingila 12 da 'yan Holan 2 a Kalamata ta Girka, suka yi sama da wata guda a tsare, kotu ta same su da laifi a 2002, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke su. A 2015 wasu 'yan Ingila uku sun yi kusan wata biyu a tsare bayan an kama su kusa da filin jirgin Fujaira a Daular Larabawa.

Injiniya Sa'adatu: Na Kalamata sansanin sojan sama ne, Kabiru. Maganarmu ta filin fasinja ce.

Kabiru: Na sani Injiniya. To amma filaye nawa ne titi ɗaya suke rabawa da soja? Kana saitin jirgin fasinja, a bayansa ga rumfar jiragen yaƙi ta shigo hoton. Jami'in da zai karɓi kyamararka ba zai tambaye ka wanne ka nufa ba. Ni dai abin da nake cewa, a san dokar ƙasa kafin a fito da kyamara daga jaka, har da dokar sauraren rediyon matuƙa, don wasu ƙasashen sun haramta.

Malam Bashir: Yawwa. Ashe ba ni kaɗai nake ganin haɗarin ba, gwamnatoci ma suna gani.

Hauwa: Ni duk ba ta nan abin ya dame ni ba. Kuna ta maganar tsaron jirgi, ba wanda ya yi maganar ran mai kallon. Ku dubi gaɓar Maho a tsibirin Sint Maarten, inda siririn titin mota ne kawai tsakanin rairayi da bakin titin jirgi. Mutane na riƙe shinge don iskar injin ta ɗaga su. A Yulin 2017 iskar wani jirgi mai shirin tashi ta yi jifa da wata mata 'yar New Zealand, kanta ya bugi siminti, ta rasu. Ga allunan gargaɗi a wurin manya-manya. Hotunan da ake yaɗawa su ke jan mutane zuwa can.

Nura: Gaskiya ne Yaya Hauwa, kuma abin tausayi ne. Amma masu riƙe shingen nan 'yan yawon buɗe ido ne masu neman abin ba da labari. Mai ɗaukar hoto na gaske ba ya tsayawa a bayan injin, ko don kyamararsa, yashi zai cinye gilashin. Kuma hoton da ke ƙarƙashin jirgi kai tsaye ba shi da wani kyau, ciki da tayoyi kawai za ka samu.

Bari ma in faɗi yadda muke zaɓen wuri, don Malam ya ga lissafin namu na rana ne da iska, ba na ɓarna ba. Jirgi yana sauka yana tashi ne yana fuskantar iska. Lambar da ke bakin titi tana nuna alƙiblarsa: 27 na nufin digiri 270, wato yamma, ɗaya bakin kuma 09, gabas. In iska daga yamma take, jirage za su shigo ta gabas. Sai ka nemi gefen da rana za ta kasance a bayanka, a ƙasashen arewacin duniya galibi kudu da titin ke nan. Jirgi mai sauka yana gangarowa a kan digiri 3, saboda haka saura kilomita ɗaya ya taɓa ƙasa tsayinsa bai wuce mita 50 da 'yan kai ba. Ka koma gefe kaɗan, ka same shi a kaikaice, lamba da tambari duk sun fito. Da tsakar rana kuma zafin kwalta yana sa hoto ya yi rawa, komai tsadar kyamararka, shi ya sa muke son safiya da la'asar. A Heathrow ma sai ka san cewa in ana sauka ta fuskar yamma, ƙarfe 3 na rana suke musanya titin sauka da na tashi don mazauna unguwa su huta da ƙara. Wanda bai sani ba sai ya ga jirage sun ƙaura sun bar shi da ciyawa.

Malam Bashir: Ka ga irin bayanin da nake tsoro ke nan. Ka zayyana inda jirgi ya fi kusa da ƙasa, da lokacin.

Injiniya Sa'adatu: Filin da kansa yake wallafa jadawalin musanyar nan, Malam, don maƙwabta su sani. Digiri 3 kuma yana cikin kowane littafin koyon tuƙi.

Baba Ɗanjuma: Bashir, tambaya ɗaya. In an hana, wa zai tsare? Titin gwamnati ne ya bi ta gefen shingen, ga gidajen mutane, ga otal mai bene. Za ka hana mai gida leƙa tagarsa? Filayen da suka yi wa abin dabara jawo mutanen suka yi wuri ɗaya. Manchester ta yi filin kallo dab da titi, har da jirgin Concorde a ajiye a ciki. Schiphol ta Holan ta ware wurin tsayawa a gefen titin Polderbaan. A Japan kusan duk babban fili yana da barandar kallo a saman gini, a Narita har ƙofofi aka huda a jikin wayar shinge daidai bakin kyamara. Kowa ya san inda suke, ana ganinsu, ba mai yanka waya, ba mai ajiye mota a ƙofar da motar kashe gobara za ta fita.

Hauwa: Wannan na yarda da shi. Wuri sananne, nesa da bayan injin.

Nura: Ni ma, da sharaɗi. Sau da yawa wanda ya zana barandar bai taɓa riƙe kyamara ba. Sai a kafa ta tana kallon rana, ko a rufe ta da gilashi, ko a kulle ta kafin hasken yamma ya yi kyau. Dole mutane su koma bakin hanya da tsaninsu. A tambaye mu kafin a zuba siminti mana.

Kabiru: Tsanin nan ma abin magana ne. Jingina tsani a jikin shingen fili neman rigima ne, ko wane jami'i ya gani zai ɗauka tsallakawa za ka yi.

Malam Bashir: To na ji ta baranda, ba ni da ja a kanta tunda a hannun hukuma take. Amma ba ku amsa mini kan masu wuce gona da iri ba. Filin jirgin Gatwick na Ingila fa? Disambar 2018, rahoton ganin jirgi marar matuƙi ya tsayar da fili kusan kwana biyu, jirage kusan 1,000, fasinjoji kimanin 140,000.

Injiniya Sa'adatu: Har yau ba a gurfanar da kowa kan na Gatwick ba, balle a ce mai kallon jirage ne. Kuma tashin irin wannan na'ura kusa da fili laifi ne da ma, haka haska fitilar leza a idon matuƙi, haka filashi da dare a bakin titi. A hukunta mai yi. Abin da kake nema daban ne, a hana tsayuwa da kallo.

Kuma tunda ana lissafa illa, a lissafa amfani. Jiragen da hukumar CIA ta riƙa safarar fursunoni da su a ɓoye bayan 2001, irin Gulfstream ɗin nan mai lamba N379P, hotuna da rubuce-rubucen masu kallon jirage na cikin abin da 'yan jarida suka bi suka gano zirga-zirgarsu.

Malam Bashir: Kin kawo mini hujja da hannunki, Injiniya. Ashe dai suna tona abin da aka ɓoye. Yau sun tona na CIA kin ji daɗi. Gobe jirgin shugaban wata ƙasa ne, ko na wani da ake farauta, a saka hotonsa da lambarsa yana kan titi bai ma kashe injin ba.

Baba Ɗanjuma: Nan kam ka taɓo wuri mai ƙaiƙayi. Ɗauka daban, yaɗawa nan take daban. Ni da za a bi tawa, jirgin gwamnati ko na soja ko na wani mutum, a bari ya tashi ya bar ƙasar kafin a saka.

Nura: Baba, wannan zai yi wuya fa. Yanzu kai tsaye ake haskawa. Lokacin guguwar Eunice a Fabrairun 2022, mutum sama da 200,000 ne suke kallon tashar Big Jet TV a lokaci guda, jirage na kokawa da iska a Heathrow. Mai haskawa ba zai rufe kyamara don wani ƙaramin jirgi ya shigo layi ba. Kuma in baƙon jirgi ya sauka, sanarwar da muke yi wa juna ita ce ke sa na nesa ya taho ya same shi.

Hauwa: Sanar da abokai biyar a waya ba ɗaya ba ne da sakawa duniya ta gani.

Kabiru: To wa zai ware wane jirgi ne na jinkirtawa? Na shugaban ƙasa mun ji. Na ɗan kasuwa fa? Na ƙungiyar ƙwallo?

Malam Bashir: Ni duka. Awa 24.

Nura: Awa 24 Malam? Kafin nan wasu goma sun riga ni sakawa. Na gwamnati da na soja na yarda in jira su tashi. Na 'yan ƙwallo kam ina gani ina sakawa.