Lambar QR a allon shago: me ke hana waya karanta ta?

Mai Fenti: Assalamu alaikum. Masu shaguna sun fara neman a sa musu lambar QR, wato murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya ta buɗe wani adireshin intanet, a allon talla. Masana aikin, me ya kamata a kiyaye?

Mai Firinta: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da girma. Auna nisan da mai wucewa zai tsaya, ka raba goma: mita biyu, faɗin lamba santimita 20, mita goma, mita ɗaya cur. A bar farin fili kewaye da ita, faɗin ƙananan murabba'anta huɗu. Masu zane kan cinye filin nan da ado, sai waya ta rasa inda lamba ta fara. Baƙi a kan fari. Ka karɓi lambar a fayil ɗin SVG ko PDF, irin wanda ba ya dushewa in an faɗaɗa shi, domin hoton da aka turo ta WhatsApp ya riga ya matse, ana faɗaɗa shi gefuna su dushe. Don Allah kada a zana ta da buroshi, a buga sitika a liƙa.

Hajiya Mai Atamfa: Adireshin da ke ciki ya zama gajere, yana tsawo, ɗigon na cunkushewa. Ga ɗan kasuwa, wa.me/ (adireshin da ke buɗe WhatsApp) da lambar waya ya wadatar: 234 a gaba, a cire sifilin farko, a Nijar 227. A rubuta dalili a gefe, "Haska ka ga farashi", da lambar waya don masu ƙaramar waya.

Injiniya: Gaskiyarki, Hajiya. Kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro lambar QR a 1994 don bin sawun kayan mota, kuma tana da matakan jure lalacewa huɗu: L, M, Q, H, wato za ta karantu ko da kusan kashi 7, 15, 25 ko 30 cikin ɗari nata ya lalace. Allon da zai sha rana da ƙurar hunturu, Q ko H. In za a ɗora tambari a tsakiya, H. A yi hattara da lambar da ake iya canza adireshinta: ta shafin wani kamfani take bi, ranar da kuɗin rajista ya ƙare tana iya mutuwa, allo na rataye.

Mai Firinta: Leda mai sheƙi na mayar da hasken rana, a zaɓi marar ƙyalli. In kuma a kan bana (banner) aka buga, a ɗaure ta tamau, lanƙwasa ɗaya kan ɓata karatu. Kafin a sallami mai aiki, a gwada da wayoyi uku, har da tsohuwa, da azahar da bayan magariba. Duk mako a shafa hannu a kai, 'yan damfara kan liƙa tasu a kan ta mai shago.