Fatsa da kifin roba a farin ruwa: kifi ya ƙi ci, mene ne abin yi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwa. Ina fita fatsa da kifin roba a kogin Neja, daga Yauri zuwa inda ya buɗe ya zama tafkin Kainji, cikin kwalekwalen katako mai injin doki 15. Da rani ina ɗan samun giwan ruwa da tsage. Amma tunda Agusta ta kama ruwa ya koma kamar kunu. Fita uku ke nan ban kamo komai ba, sai cizo biyu na tsage: ɗaya ya datse zare, ɗaya ya yi tsalle ya tofar da cokalin, wato ƙarfen nan mai siffar cokali da ƙugiya da ake ja a ruwa. Kifin roba huɗu na bari a jikin kututture. Kayana su ne sanda mai ƙafa 7, zaren nailan mai ɗaukar kilo 9, kifin roba farare masu tsawon santimita 9, da cokula biyu na azurfa. In jingine sanda sai bayan damina, ko akwai dabara?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin kaya fara da ruwan. Wannan da kake gani shi ne farin ruwa, wanda ruwan saman ƙasashenmu na kusa yake korowa da laka, musamman ta gulbin Sakkwato. Baƙin ruwa, mai tasowa daga duwatsun Gini, sai wajen Disamba yake isowa, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya. Kayanka na baƙin ruwa ne, shi ya sa.

Yi wannan gwajin duk inda ka tsaya: nutsa kifin robarka a gefen jirgi ka ga inda zai ɓace maka. In ya ɓace kafin taƙi ɗaya, kada ka ɓata mai a wurin. In kana ganinsa har kamu ɗaya, akwai fata. In ya kai kamu biyu, zauna ka yi aiki.

Inda za ka nema shi ne bakin ƙananan rafuka da magudanan fadama. Ranar da aka yi ruwa su ma laka suke kawowa, amma sun fi babban kogi saurin washewa. Bayan kwana biyu ko uku ba ruwan sama za ka ga layi a fili inda ruwa mai haske ya haɗu da mai laka. Ƙananan kifaye irin su kawara da 'ya'yan karfasa suna taruwa a nan, giwan ruwa kuma yana laɓewa ta ɓangaren laka yana fakonsu. Ka jefa cikin ruwa mai haske, ka jawo kifin robar ya tsallaka layin ko ya bi tsawonsa. Ruwan da ya tato ta cikin ciyawar burgu ma yakan fito da haske, don ciyawar ta riƙe lakar.

Wuri na biyu shi ne bayan dutse ko bayan tsibiri, inda ruwa yake juyawa ya kwanta. Giwan ruwa ba ya son tsayuwa a tsakiyar gudun ruwa, ƙarfinsa yake tattali. Kuma a tuna, ruwa yana hawa kifi yana bin sa zuwa bakin ciyawa. Ramin da ya ba ka kifi a watan Maris yana iya zama wayam yanzu.

Amsa ta biyu:

Ƙari a kan bayanin Malam, ta fannin kaya. A ruwan laka kifi da jikinsa yake farauta fiye da ido. Layin nan da ke gefensa daga kai zuwa wutsiya da shi yake jin motsi. Don haka kana buƙatar kifin roba mai ture ruwa sosai: santimita 13 zuwa 18, mai faɗin jiki, mai rawa da ƙarfi, in da hali mai 'yan ƙwallaye a ciki masu kacau-kacau. Super Shad Rap na kamfanin Rapala, mai santimita 14, an san shi a wannan aiki, amma na kasuwa masu kama da shi ma suna yi in ka canza musu ƙugiya. Launi kuwa: ruwan ɗorawa mai ciki ruwan goro, ko ruwan zinare, ko baƙi ƙirin. Farin nan mai ƙyalli sai da hasken da zai mayar, laka kuwa ta cinye hasken.

Sannan ka rage sauri. Jawo a hankali yadda za ka riƙa jin rawarsa a hannunka, ka ɗan tsaya daƙiƙa biyu, ka ci gaba. Wuri mai kyau ka jefa masa sau goma kafin ka matsa, don kifin yana buƙatar lokaci ya gano inda motsin yake.

Zaren kilo 9 ya yi kaɗan. Sa zare mai kitso na kilo 20 zuwa 25, ka ƙara masa tsawon gaba guda na nailan mai kauri, kilo 35 zuwa 45, a gaba. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, amma bakinsa kamar sanfefa yake, murfin kunnensa kuma yana da kaifi, su ne ke cin zare. Haɗa biyun da majuyi, wato ɗan ƙarfen nan mai ido biyu da ke juyawa don kada zare ya murɗe. Zare mai kitso yana zamewa a ƙullin gida, to ga wanda ke riƙewa: ninka shi biyu, zura ta idon majuyin, yi ƙulli ɗaya sako-sako, zura majuyin ta cikin madaukin da ya rage, jiƙa da yawu, sannan ka ja. Birkin injin naɗi kuma ka saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren, wato kilo 5 zuwa 6. Rataya jarka mai lita 5 cike da ruwa: zaren ya fara fita a daidai lokacin da jarkar za ta bar ƙasa.

Amsa ta uku:

Ni a kan maganar rage sauri ban yarda gaba ɗaya ba. Ga giwan ruwa gaskiya ne. Tsage kuwa da ido yake kamu, abin da ke gudu yake bi, kuma yana son ruwa mai motsi. In tsage kake nema a wannan lokaci, ruwa mai ɗan haske ne dole, ka jawo cokali da sauri. Na tagulla ya fi na azurfa a ruwan da bai washe ba, gram 20 zuwa 30.

Wanda ya datse maka zare, rashin waya ne. Sa wayar ƙarfe mai laushi taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da baƙin majuyi. Majuyi mai ƙyalli tsage yakan kai masa cizo ya yanke zaren daga sama. Wanda ya tofar kuma laifin ƙugiya mai baki uku ne. Bakin tsage ƙashi ne, ƙarfin fizgarka yana rabuwa uku, babu bakin da ya shiga sosai. Cire ta ka sa guda mai baki ɗaya, lamba 3/0 ko 4/0, ka wasa ta har sai ta kama farce in ka goga. Da ka ji cizo ka fizga sau biyu da ƙarfi. In ya tashi tsalle ka sunkuyar da kan sanda zuwa ruwa, kada zare ya saki. Duk da haka za ka rasa da yawa, halinsa ke nan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To batun kututture fa? Kifin roba ba arha ba. Kuma jan sa a bayan jirgi yana da amfani yanzu?

Amsa ta huɗu:

Yana da amfani, amma a gefen ciyawa da bakin duwatsu, ba tsakiyar kogi ba. Saki zare mita 25 zuwa 30, ka yi tafiya kamar ta mai ƙafa, kilomita 3 zuwa 4 a awa. Abin lura, saurin ruwa a jikin kifin robar shi ne ma'auni. In kana haurawa, ko da jirgi kamar a tsaye yake, yana rawa. In kana gangarowa sai ka fi ruwan sauri, in ba haka ba ya mutu a bayanka. Shi ya sa haurawa ta fi sauƙi a damina. Idonka a kan sanda: in ta daina karkarwa, ciyawa ko kainuwa ta naɗe, jawo ka cire. Majuyin da ke tsawon gaba guda a saman kifin robar yana tare yawancin ciyawar da ke gangarowa ta zare. In kuma kifin robar yana karkata gefe, ka ɗan lanƙwasa zoben da ake ɗaura masa zare da filaya zuwa ɓangaren da kake so ya koma, kaɗan-kaɗan.

Kututture kuwa ba ya ƙarewa a nan. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye daji da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, itatuwan suna nan a ƙasa. Zaɓi kifin roba mai tasowa sama in an saki, mai nitson mita 2 zuwa 3. Da ka ji ya daki ice, saki zare nan take, sau da yawa zai taso da kansa. Fizga ita ke dasa ƙugiya. In ya maƙale, zagaya da jirgi ka koma ta inda ya fito ka ja ta baya. In ya ƙi, ɗaura dalma gram 200 a igiya da zobe, zura a zaren ta gangara ta buge shi. Cire ƙugiyar ciki ka bar ta wutsiya ma yana rage asara. Kada ka naɗa zare mai kitso a yatsa don ja, yana yanka nama. Naɗa a guntun ice.

Wani dattijo:

Ɗana, duk sun gaya maka yadda za ka kama, saura yadda za ka dawo gida. Anka daga goshin jirgi ake ɗaure ta. In ka ɗaure ta baya a gudun ruwa, ruwa zai hau ta wurin inji ya danne jirgin. Igiya ta ninka zurfin wurin sau uku aƙalla, wuƙa kuma tana kusa, don icen da ruwa ya ɗauko yana iya hawa kan igiyar. Ku zama biyu, ɗaya yana kallon sama da ruwa. Rigar ceto a jiki, ba a ƙarƙashin benci ba. Kada ka miƙe tsaye a kwalekwale kana fama da babban kifi.

Hadari daga gabas yake zuwa, iska kuma tana riga ruwa isowa. Da gabas ta yi baƙi ka kwantar da sanduna, don suna jan tsawa, ka nufi gaɓa mafi kusa, ba mashigar gida ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma ta hana tafiyar dare. Inda ka ga dorina, musamman mai ɗa, ba ta wuri kada ka shiga tsakaninta da zurfi.

Ka kuma gaida sarkin ruwan yankin ka tambayi inda Sarkawa masunta suka shimfiɗa tarun kalli da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Gora ko jarkar da ka gani tana yawo wuri ɗaya alama ce, ka zagaye ta da nisa. In ƙugiyarka ta kama tarun wani, yanke zarenka, kada ka yanke tarunsa.

Amsa ta biyu, ƙari:

Baba ya tuna min wurin ɗauko kifi. Giwan ruwa ta leɓen ƙasa ake kama shi, da safar hannu, nesa da murfin kunne da ƙayar baya, kuma sai ya gaji ya kwanta gefe. Tsage kuwa yatsa ba ya zuwa kusa da bakinsa ko ya daina motsi, doguwar filaya ce ke cire ƙugiya.