Bagan da tafkin Inle a ƙasar Myanmar, ko in haƙura in tafi Thailand?

Mai Kyamara: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Malesiya, zan samu hutun kwana goma a Disamba. Burina in ɗauki hotunan wuraren bautar tsohon birnin Bagan, da sufayen Buda, da masuntan tafkin Inle masu tuƙa kwale-kwale da ƙafa ɗaya. Kuɗina bai kai dala 700 ba. Wanda ya je bayan girgizar ƙasar Maris 2025 ya faɗa mini yadda hanya take.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Na je a 2018. Ka tashi tun asuba, hasken hantsi ne ke fito da jan tubalin. Gine-ginen sun haura 2,000. Kuma ka hau balan-balan, daga sama abin ya fi kyau.

Ɗan Fagge: Yallabai, yaro ya ce dala 700, kai kana maganar balan-balan. Ni da na tambaya, sama da dala 300 aka ce mini.

Hajiya ta Penang: Ɗana, ni Inle ce ta ƙona mini rai. A Nyaungshwe, garin da ke kusa da tafkin, muka yi ciniki da mai kwale-kwale, yini guda. Muna shiga tafkin sai ga masunta da manyan kwandunansu, ƙafa a sama, kamar jiranmu suke. Ashe jiran namu suke yi! Ina gama ɗauka suka miƙo hannu. Babu kifi ko ɗaya a jirginsu. Masuntan gaske suna can nesa da raga, ba ruwansu da kowa. Daga nan ya yi ta yawo da mu, shagon maƙeran azurfa, shagon masu saƙa da zaren furen ruwa, shagon sigari, a kowanne yana da la'ada. Na ce ƙauyen kan ruwa nake so, ya yi kamar bai ji ba. Da yamma na ba shi dala, ya ƙi karɓa wai an taɓa ninke ta.

Baban Ilham: Hajiya cutarki aka yi. Kyat 15,000 na biya, kuɗin ƙasar ke nan, babu shagon da aka kai ni.

Hajiya ta Penang: Ni 25,000, kuma ba ni kaɗai ba.

Injiniya: Duk farashin nan na kafin juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021 ne. Kyat ta faɗi tun daga lokacin, ana yaƙi a jihar Shan da yankin Sagaing. Girgizar ƙasar ta kai maki 7.7, ta yi mummunar ɓarna a birnin Mandalay, gidajen kan ruwa na Inle ma da yawa sun zube. Kada ka kuskura ka tafi da jirgi mara matuƙi, an ɗaure wani Bafaranshe a kansa a 2019.

Baban Ilham: Injiniya ka taɓa zuwa?

Injiniya: Ban je ba, amma ina bin labarai.

Baban Ilham: To gani ya kori ji.

Ɗan Fagge: Ganin 2018 kuwa ai ya zama ji. Mai Kyamara, zo Tiga in tsaya maka da ƙafa ɗaya a kwale-kwale, dubu biyu kawai.

Ummu Sadiq: Ni mamaki nake. Mutanen da suka kori 'yan Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh a 2017, su za ka kai wa kuɗinka?

Hajiya ta Penang: Sojoji ne suka yi, ba mai kwale-kwale ba. A Yangon masallatai na nan, na yi salla a ɗaya kusa da wurin bautar Buda na Sule Pagoda.

Injiniya: Matsalar ma kafin nan take. Saboda sansanonin 'yan damfarar intanet na Myawaddy, garin da ke kan iyakar Myanmar da Thailand, inda ake safarar 'yan Afirka, duk matashi mai koren fasfo zargi ake masa a yankin. A wani filin jirgi aka ware ni gefe, Turawa na wucewa, ana tambayata wa ya turo ni.

Ɗan Fagge: Kai ka ma samu fasfon. Nawa yana wurin sabuntawa tun kafin azumi.

Ummu Sadiq: Nawa ka biya? Ƙanena ma haka, kullum a ce masa ya dawo mako mai zuwa.

Mai Kyamara: Jama'a, to Disambar fa?