Asibitinku ya koma kwamfuta? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Uwargida daga Agege:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na kai Baba awon hawan jini, tun bayan asuba muka fita don gudun gosulo. An ce an daina folda yanzu komai a kwamfuta, amma sai da yarinyar da ke karɓar sunaye ta shigar da sunansa a kwamfutar, ta sake rubutawa a wani ƙaton littafi, kuma aka ce mu je ɗakin kati a nemo tsohuwar foldarsa don likita ya ce shi takarda zai gani. Sai wajen azahar muka fito. Haka yake ko'ina ne ko mu ne muka yi rashin sa'a?

Nas a Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ni na yi aiki a asibiti biyu da suka yi wannan canjin kuma wallahi bambancin ba a na'urar yake ba. Na farko wata Litinin kawai muka zo muka tarar da kwamfutoci a kan tebur, an yi mana bita ta kwana biyu shikenan, ba wanda ya tambaye mu yadda muke karɓar aiki daga masu dutin dare, sai ya zama kina rubuta awon zafin jiki a takarda ki zo ki sake bugawa, aiki biyu albashi ɗaya, manyan likitoci kuma suka ƙi taɓawa, to idan babba ya ƙi wa zai tilasta ƙarami? Kafin wata shida an lulluɓe kwamfutocin da zani saboda ƙura.
Inda nake yanzu da sashen masu awon ciki kaɗai aka fara. Matiron, wato shugabar nas-nas, da kanta take zama da mu duk Juma'a mu faɗi abin da ya ba mu wahala, aka soke fom uku da ba su da amfani, kowane duti aka ajiye mutum ɗaya da ya iya sosai wanda za ki kira in kin maƙale. Sai da tsarin ya zauna sannan aka kai shi ɗakin magani da na gwaji.

Tsohon ma'aikacin ɗakin kati:
Sista kin bar ɗaya, tsoro. Mu da aka kawo abin mun ɗauka sallamarmu za a yi, don haka ba wanda ya so tsarin ya yi aiki, gaskiya ɗaya ce. Da shugaban ya tara mu ya ce mu za mu kwashe tsofaffin fayil mu shigar kuma mu za mu riƙe lambobin marasa lafiya, ai mu muka koma masu koya wa wasu.

Mai tumatir a Mile 12:
Ni dai abin da na sani lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 na yi tiransifa, alat ya nuna kuɗi sun fita, amma kashiya ta ce sai na kawo rasit na takarda da hatimi kafin a ɗebi jinin yarona, ga kwamfuta a gabanta tana kallona ina kallonta. Bara da na kai matata wani asibitin da katin Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas, lamba kawai aka duba, muna isa wurin magani har an haɗa.

Nas a Idi-Araba:
Alhaji a na biyun an haɗa kashiya da ɗakin magani ne a tsari ɗaya, wani ne ya zauna ya yanke cewa rasit ya daina yawo a hannun majinyaci. Mu ma fa ba mu tsira ba, in NEPA ta ɗauke, inbata mai ajiye wuta ta mutu, takarda muke komawa, sai dai akwai doka, wanda ya rubuta shi zai shigar kafin ya tashi.

Uwargida daga Agege:
To Allah ya kyauta. Sati biyu aka ba mu mu koma, ni dai na ɗauki hoton foldar a wayata ko da za a sake cewa ta ɓata.