Mai juna biyu za ta iya ci gaba da gudun motsa jiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina sati 14, na fari. Kafin ciki nakan yi gudun kilomita 5 sau uku a sati. Surukata ta ce gudu yana jawo ɓari. In daina ne gaba ɗaya?

Ungozoma: Wa'alaikumus salam, Allah ya raba lafiya. In ciki lafiyayye ne kuma kin saba, sassarfa ba ta zubar da shi. Yawancin ɓarin watannin farko daga matsalar halittar ɗan tayin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mai ciki ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a sati.

Amma kar ki sake fita sai kin faɗa a wajen awo an duba ki. Ba a gudu in an yi ɗaurin bakin mahaifa, in mabiyiya ta tare hanya bayan sati 26, in akwai hawan jinin ciki, ciwon zuciya, zubar jini, ko faya ta fashe. Mai sikila da mai tagwaye sai da izinin likita. A auna jininki kuma, domin ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu, kuma wadda jininta ya yi ƙasa gudu haki da jiri kawai zai ƙara mata.

Likitan gashin ƙashi: 'Yar uwa, ma'auninki shi ne magana. In kina gudu kina iya faɗin cikakkiyar jimla, kina daidai. In sai kalma ɗaya-ɗaya, koma tafiya. Fara da tafiyar minti 5, sannan sassarfar minti 4 da tafiyar minti 1, kina maimaitawa har minti 25 ko 30.

Ciki yana sassauta jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi, nauyi kuma ya rinjaya gaba, shi ya sa targaɗe da faɗuwa suka fi sauƙi. Ki nemi shimfiɗaɗɗen fili, ki rage faɗin taku, ki sa kambas mai taushin ƙasa da rigar mama mai kamawa sosai. Abin da aka fi sakaci da shi tsokar ƙasan mara ce. Ki matse ta kamar mai riƙe fitsari, daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10, sau uku a rana. Fitsari yana zubowa a gudu, ko kina jin nauyi a al'aurarki? Tsokar ta gaji, tafiya ta ishe ki.

Malamar jinya: Ni zafi na fi ji miki, domin zafin jiki mai tsanani yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko. A bazara kada ki wuce ƙarfe 7 na safe, kuma mayafin ya zama mara nauyi. Sha kofi biyu na ruwa awa ɗaya kafin fita, ki riƙa kurɓa duk minti 15. Ban da gudu kina azumi, ban da gudu kina zazzaɓi, ko da kin fara shan magani.

Ki tsaya nan take ki tafi asibiti in kin ga jini ko ruwa, ko jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, domin wannan yana iya zama gudan jini. In ciki ya tsufa kika ji motsin yaro ya ragu, shi ma kar a kwana da shi.